Naman Icen da Na Je Nemo wa Inna

Mutanen majalisar da ke bakin shagona sun ishe ni da tambaya. Wanda ya zo karɓar kujerarsa sai ya tambaya, wanda ya zo shan inuwa kawai shi ma sai ya tambaya: wai da gaske ne na rufe shago a tsakiyar damina, na tsallaka Nijar neman lemar kwaɗi? Har akwai wanda ya laƙaba mini Sarkin Kwaɗi, Allah ya shirye shi. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, ana katse ni da dariya tun ban kai inda ba a dariya ba. To ga shi nan gaba ɗaya, duk wanda ya sake tambayata sai in miƙa masa.

Sunana Haruna, kafinta ne ni a Kazaure, kuma ni ne babba a ɗakinmu. Mahaifiyarmu, wadda muke ce wa Inna, Bafillatana ce. A wata ruga yamma da Magarya aka haife ta, aure ne ya kawo ta nan. Tsufa ya zo mata da ruɗewa. Da fari mantuwa ce, ta ajiye carbi ta yi ta nema, daga baya ta daina gane mutane. Ni kaina sai in durƙusa a gabanta, in riƙe hannunta, in ce ni ne, ta dube ni tsaf ta yi mini sannu da zuwa irin ta baƙo. Wannan duk mun haƙura da shi. Abin da ya tayar mana da hankali shi ne da ta rufe bakinta ga abinci. Ƙanwata Hajara, wadda ke jinyarta, ba abin da ba ta gwada ba, kunun tsamiya, fura mai laushi, farfesun kaza, sai ta kawar da kai. A asibiti an duba an ce ba wani ciwo a cikinta, aka yi mata ƙarin ruwa muka dawo. Kullum tana ƙara zubewa, kuma magana ɗaya ce a bakinta: a samo naman ice.

Mu dai a gari duk abin da ya tsiro da kai kamar lema, a juji ne ko a kututture, lemar kwaɗi muke ce masa, ba kuma mai kai shi baki. Hajara ce ta tuna Inna ta taɓa ba su labarin wani irinsa fari da ke fitowa a jikin mataccen ice da damina, ana miya da shi a rugarsu. Na ce in dai ice ne ai an zo gidan, sana'ata ce. Ashe ban san komai ba sai katakon da aka riga aka yanka.

Na fara da kusa. Na ɗauki babur na shiga ƙauyukan Roni, na bi gindin duwatsu, ban sami mataccen ice ko ɗaya a tsaye ba. Masu itace da masu gawayi sun riga ni, har kututturen sun tone, sai ramuka. Ranar kasuwar Gwiwa na bi layin masu kuka da daddawa ina tambaya, wata tsohuwa ta yi dariya har da riƙe ciki, ta tambaye ni ko nama ya ƙare a Kazaure. Wani dattijo mai sayar da igiya ya tausaya mini, ya ce abin mai sauƙi ne, duk wanda na ga ƙwari sun ci to ba shi da dafi. Na yi masa godiya, amma a raina na ce ba zan jingina ran uwata da shaidar ƙwaro ba. Da na dawo Hajara ta ce mutum ɗaya ce ta rage wadda ta san abin nan, Yafendo Dije, ƙanwar Inna, in tana raye. Rabonmu da labarinta an daɗe.

Na shiga motar Babura da sassafe da jaka ɗaya da buhun da na wanke. Direban irin mutanen nan ne da ba sa ganin mota ta cika, ya haɗa ni da wani mai rago a kujerar gaba, ragon a kan cinyata rabinsa. A Kanya Babba motar ta yi tari ta mutu. Muka tura, ta tashi, ta sake mutuwa, sai ya buɗe gaba ya ce ba komai, mintoci kaɗan. Mun yi azahar a nan, mun yi la'asar a nan. Wata mata mai dafaffiyar gyaɗa ta ga ban sayi komai ba, ta zuba mini a hannu ta ce in ci, fuskata ta mai jinya ce. Ban san yadda ta gane ba. Na karɓa, amma na kasa ci, ina tuna wadda na baro.

Dole na kwana a Babura, wajen Iro, abokina tun muna koyon sana'a a gun ubangida ɗaya. Ya shimfiɗa mini tabarma a shagonsa tsakanin ƙyauren da bai gama ba da tarin dusar katako, matarsa ta aiko da tuwon dawa miyar kuɓewa ɗanya. Da na gaya masa abin da ya fito da ni bai yi dariya ba, shi kaɗai ne bai yi ba. Ya ce tasa uwar da za ta rasu rake ta nema, ba lokacinsa ba, har yau in ya ga rake sai ya kau da kai. Na kira Hajara a waya, ta ce ruwa kawai Inna ta kurɓa.

Washegari na kama hanyar Babban Mutum, na canji sefa a bakin tasha, na nufi iyaka. A ɓangaren Nijar wani matashin jandarma ya tambaye ni abin da zan je yi. Ni kuma ba na iya ƙarya, na ce naman ice zan nemo. Ya sa na maimaita, ya kira abokin aikinsa na sake maimaitawa, har raina ya fara ɓaci, don ni ba a cika ja mini magana ba. Sai wani babbansu mai furfura ya leƙo daga rumfa ya tambayi wa zan kai wa. Na gaya masa. Ya ce kakarsa ma tana ci, ya miƙo mini katin shaidata da suka karɓa ya ce Allah ya ba ta lafiya.

Magarya Hausa ake yi kamar gida, amma sai ka saurara da kyau. Ɗan acaɓa a can kabu-kabu ne, burodinsu dogo ne siriri mai ɓawo, in ba ka tsoma a shayi ba sai ya yanke maka dasashi. Gaisuwa kuwa ba a gaggawarta. Mu a Kazaure muna ganin mun iya gaisuwa, to a can sai an tambaye ka gajiya, da gida, da ruwa, da dabbobi, a sake dawowa kan gajiya, kafin a ji me ya kawo ka. Ni da ke ƙirga numfashin wata a raina, gaisuwar nan ta zame mini azaba, amma na daure. Wani mai kabu-kabu ya ce ya san rugar. Bai sani ba. Ya kai ni wata daban, muka kafe a laka, na sauka na tura har takalmina ɗaya ya tsinke. Wasu mata masu tallar nono ne suka ɗora mu a hanya, suka ce mutanen Dije sun matsa gaba saboda gonaki sun cinye wurin da.

Na same ta zaune a bakin bukka tana sussukar gero da hannu. Kamarsu ɗaya da Inna har gabana ya faɗi, sai dai ita idanunta sun yi fari fat. Ta makance. Na tsaya da buhuna a hannu na ce a raina shi ke nan, na yi tafiyar banza. Da na faɗi ko ni wane ne ta jawo ni ta shafa fuskata tun daga goshi har gemu, ta ce yaron da aka yaye a hannunta ne ya yi wannan furfurar. Ta tambayi yayarta, na gaya mata gaskiya ban rage ba. Ba ta yi kuka a lokacin ba, ta dai ajiye geron. Sannan ta ce in kwantar da hankalina, naman ice ba da ido kaɗai ake saninsa ba.

Ɗanta ya ba ni bukkar baƙi, aka kawo fura da nonon da ban taɓa shan irinsa ba tun ina yaro. A can ba a zuba sukari, kuma in ka ajiye ludayi da wuri sai a ce ka raina. Ba hanyar waya a wurin, sai an hau wani tudu. Na hau, Hajara ta ce Inna ta yini ba ta tashi zaune ba.

Da hantsi muka fita, ina riƙe da kan sandarta tana bina. Ta ce in kai ta fadama, akwai wata babbar ɗorawa da aradu ta kayar shekarun baya. Ba mai taɓa icen da aradu ta faɗa wa, ba a girki da shi, ba a gini da shi, shi ya sa ta tsira daga masu gatari, har itatuwan da ta danne da ta faɗi. Na tambaye ta to mu fa. Ta ce mu ba icen za mu ɗauka ba, abin da Allah ya fitar a bayansa ne.

Wallahi ban taɓa sanin mataccen ice na da rai haka ba. Muka raba aiki: ni in duba ɓawo da tsagin icen in gaya mata ko wane ne, ɗorawa ko marke ko ɓaure, in ɗora hannunta a kan abin da ya tsiro, ita kuma ta yanke hukunci. Na fara kai ta kan wani ja mai sheƙi, kamar teburin da na gama gogewa. Ta ƙwanƙwasa shi da farce ta ce wannan ice ne ya haifi ice, ko kura ba ta tauna shi. Akwai wasu baƙaƙe dunƙule-dunƙule, ta fasa ɗaya ya ɓata mata hannu da baƙi, ta ce na hura wuta ne in ya bushe. Akwai masu laushi da sanyi kamar kunnen mutum, ta ce ana ci amma ba shi yayarta ke nufi ba. Kowanne sai ta juya shi ta shafa ƙarƙashinsa, ta ji ko ramuka ne ƙanana ko tsaga-tsaga, sannan ta kai hanci. Na kawo mata zancen dattijon Gwiwa, ta ce ƙwaro da cikinsa, ni da nawa.

Can a gindin ɗorawar, ɓangaren da rana ba ta bugu, na hango su jere, farare, tsakiyarsu a lotse kamar mazurari. Na ɗora hannunta. Ta shafa, ta sake shafawa, sai na ga hawaye na bin kuncinta. Ta ce tare suke zuwa ɗiba da Inna suna 'yan mata, ita ke riƙe ƙwarya, Inna ke zaɓa, don ta fi kowa hannu a rugar.

Na fara tsinka da murna, na miƙa hannu kan wani reshe da ke gefe inda wasu fararen suke, na zuba mata a zane. Tana taɓa ɗaya ta riƙe mini wuyan hannu.

"Wannan ba shi ba ne. Ɗan'uwansa ne, amma mugu. Babba mai ƙarfi in ya ci zai yini yana amai. Wadda ka baro ba za ta tashi ba."

A idona ɗaya suke. Ta sa na shafa bayan na kirkin, da ɗan kaushi kamar harshen maraƙi, kuma in ka ja shi yana yagewa ne da ƙyar. Mugun sumul yake, yana karyewa da ruwa-ruwa, inda ka danna sai ya yi duhu. Na cika buhu da na kirkin. Sai wata dabara ta zo mini, irin dabarar da ke kai mutum ta baro. Na ce bari in tafi da mugun guda huɗu in nuna wa Hajara, kada wata rana ta gani a kututture ta ɗauka. Na ƙulle su daban a leda, na sa a bakin buhun.

Da za mu rabu Yafendo ta so ta biyo ni, amma ko babur ba za ta iya hawa ba. Ta ce in gaya wa yayarta Dije ta yafe mata duniya da lahira, ita ma ta yafe mata. Na ce ba lallai ta gane ba. Ta ce in dai faɗa.

A iyaka aka ce in zazzage buhun a kan benci a gani, kuma ban ga laifinsu ba, aikinsu ne. An kwance ledar ke nan sai ruwa ya ɓarke da iska. Kowa ya ruga, wata baiwar Allah ta zo taimakona, ta share duk abin da ke kan bencin da hannu biyu ta tura a buhu, tana cewa in yi sauri kada kayana su jiƙe. Kafin in buɗe baki an gama. Me zan ce mata? Na ce na gode. A motar Babura kuma aka ɗora wa buhun kwandon tattasai a ka.

Na iso gida da yamma, na juye a faifai a tsakar gida. Duk sun yamutse, sun kakkarye, sun yi launi ɗaya. Na zauna ina shafawa ɗaya bayan ɗaya, amma babban yatsana da ya shekara talatin yana bin katako ya riga ya yi kanta, ba ya jin kaushi ba ya jin santsi. Hajara ta ce a zubar, gara yunwa ta kashe Inna da a ce mu muka kashe ta. Na yi mata tsawa, abin da ban saba ba, ta fashe da kuka. Ta fi ni gaskiya, na sani, kuma na ji kamar in kwanta a wurin in mutu.

Sai muka ji murya daga ɗaki, siririya, tana cewa a miƙo mata faifan nan. Ƙanshin ne ya kai mata.

Muka tayar da ita zaune, Hajara ta tallafe ta ta baya. Hannun nan da ko kofi ba ya riƙewa ya shiga faifai kamar jiya ya bari. Ba ta ko kallo sosai. Ta shafa, ta ja, ta ajiye dama. Ta shafa, ta tsuke baki, ta jefar hagu. Da ta gama Hajara ta raɗa mini cewa yaya za mu yarda da wadda ba ta san ɗanta ba. Na tashi. Na kwashe gutsattsarin hagun na fita haske, na harhaɗa su baki da baki yadda nake haɗa karyayyen katako. Huɗu suka tashi cif, ba ragi.

Ita ta faɗi yadda za a dafa, a yayyaga a tafasa a zubar da ruwan fari, a daka da daddawa, a sa man shanu. Hajara ta tuƙa tuwo mai laushi. Na durƙusa gabanta da kwanon, na isar da saƙon Yafendo, ta gyaɗa kai kawai. Ta ce a fara zuba wa baƙo. Na ci tana kallona. Sannan ta jawo nata kwanon, muka riƙe numfashi, sai ta ɗauki faifai ta rufe shi.

"Wannan na Haruna ne," ta ce.

Hajara ta dube ni. Tun da aka haife ni ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba. Ni ɗan fari ne, ba ta kiran sunana, ba ta haɗa ido da ni, in za ta yi mini magana sai ta yi da wanda ke kusa. Ga shi yau ta faɗa sarai, don a wurinta ba ni ba ne. Ta ci gaba da ba wa baƙo labari, wai yaron yana son miyar nan tun yana wajen yaye, in ta je ganin gida da damina ita ke ɗibowa ta dafa, ta ba Dije ta miƙa masa, bai taɓa sanin daga hannunta ta fito ba. Ta ce ya daɗe bai zo ba, ba za ta ci komai ba sai ya zo ya ci.

Na ce, "Inna, ni ne Harunan."

Ta yi ɗan murmushi ta ce baƙon nan da barkwanci yake. "Haruna ba ya zama a gabana haka. Yana da kunya."

Nan na gane. Tun da ta kwanta nake shigowa har gaban tabarmarta, ina riƙe hannunta, ina leƙa fuskarta, abin da ban taɓa yi ba tana da lafiya. Ita kuwa ɗanta take jira.

Na tashi na fita zaure, na wanke fuskata, na tsaya har numfashina ya daidaita. Sannan na yi sallama ƙasa-ƙasa yadda na saba a da. Ban shiga ba, na zauna a dokin ƙofa na ba ta gefe, na sunkuyar da kai, na gaida Hajara, na tambaye ta ya mutanen ɗakin suka yini. Ta gefen ido na ga Inna ta ja mayafinta ta juya fuska bango. Can sai na ji ƙarar kwano a kan siminti, ta turo shi da bayan hannu wajen Hajara.

Na buɗe, na yi loma ɗaya, hawaye na zuba a ciki. Na ce wa Hajara, "Ki gaya musu ni ba na ci ni kaɗai."

Hajara ta mayar da kwanon tsakiya. Muka jira. Sai hannun ya fito daga cikin mayafi, ya gutsuri tuwo ɗan kaɗan, ya dangwali miya.

Ta ci ranar, ta ci washegari, kullum ina dokin ƙofa ina kallon bango. Ba ta ga ƙarshen kaka ba, Allah ya karɓi abarsa ana fara yankan gero. Har ta koma ga Allah ta san ni, kuma ba ta sake faɗin sunana ba.